Dangwale a Kan Ɗakin Mma Humu

Zongo, Kumasi
Bayan Ƙaramar Sallah

Zuwa ga taubashina Khalidu, a Yamai.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Habsa da yara. An yi Sallah lafiya? Allah ya maimaita mana. Mu nan alhamdulillahi. Damina ta faɗi, kwatar lungunmu ta cika ta batse kamar yadda ka santa, ƙafar Mma Humu kuma ta ɗan sassauta, har tana fitowa bakin ƙofa da kanta.

To gaisuwa ta ƙare. Uwata da ubanka ciki ɗaya suka fito, ni da kai wasa ne tsakaninmu tun muna yawo ba wando a tsakar gida, amma yau ka ajiye taubasantaka gefe. Kar ka yi mamakin ganin takarda. Da gangan na ƙi kiranka, na sayi biro, na ba Alidu direban motar albasa ya kawo maka hannu da hannu. Takarda dai ba ta da wurin da za ka danna min wannan la'anannen babban yatsan ka wuce abinka. Dole ka zauna ka karanta, dole ka ba ni amsa da kalmomi.

Shekaranjiya ina tsakar gida ina sauke tukunyar waace, shinkafa da waken da nake sayarwa, masu saye sun fara layi, sai ga Kawu Boukari ya shigo da wani magini riƙe da igiyar awo. Ba su tsaya ko'ina ba sai ƙofar Mma Humu. Tsohuwa na zaune kan tabarma tana jan carbi, mutumin nan ya tsallake ƙafarta ya kafa awo a bango. Tsallakewa fa, Khalidu! Na ce, “Kawu, lafiya?” Ya ce lafiya ƙalau, layin gaba za a rushe bayan Babbar Sallah a tada bene, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Na ce, “Mma fa?” Ya ce za ta koma gidansa na unguwar Kwadaso, akwai ɗaki a baya. Na ce, “Da shawarar wa?” Sai ya zaro waya daga aljihu, ya miƙo min har kusa da hanci, ya ce, “Da shawarar dangi. Ga shi nan, an dangwala.”

Na duba. Hoton benen nan ne da ya saka a zauren dangi na waya kafin azumi, ga yatsu reras a ƙarƙashinsa. Ya taɓa, sunaye suka zubo: na Jamus, na Amurka, na Legas, na Akra. Wanda na fara gani, wanda ya riga kowa, naka ne. Wallahi sai da ludayi ya faɗi daga hannuna.

Mu da muke kwana a gidan nan, babu ko mutum ɗaya da ya taɓa hoton. Mun saurari muryar da Kawu ya haɗo da shi har ƙarshe, mun ji inda ya ce Mma za ta tashi, muka yi shiru. Kai ɗan gidan nan ne, ba sai na koya maka me shiru ke nufi ba. Tun zamanin Kaka, in babba ya kawo magana kan tabarma bayan Juma'a, ba a ce masa a'a. In an yarda, a ce madalla. In ba a yarda ba, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma, shi kuma ya gane, ya ce, “To a bari tukuna.” Magana ta mutu, ba wanda ya ji kunya. Da haka aka hana sare mangwaron tsakar gida, kana zaune a wurin. Mun yi shirunmu muka koma harkokinmu da sanin magana ta mutu, ashe waya ba ta ƙirga shiru.

In Yamai ta mantar da kai ko wace ce Mma Humu, bari in tuna maka. Tana amarya aka kawo ta ɗakin nan, matar ƙanin Kaka. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin ya rasu, ta zauna. Duk wanda aka haifa a gidan nan ita ta yi masa wankan farko. Uwarka ta rasu kana rarrafe, a bayan wa ka ƙarasa girma? Yanzu idonta ya tafi, da hannu take gani. Ta san bangon nan tun daga ƙofarta har famfo, har bayi, har lungun masallaci. Duk wanda ya wuce ya yi sallama, ta kira sunansa da na uwarsa. Kwadaso kuwa me ke can? Katanga, get, da karen maƙwabci.

Abu ɗaya nake so. Kai ka buɗe zauren nan, kai ka koya wa Kawu wannan ƙirga ta yatsu. Ka shiga ka buɗe baki, da muryarka, ka ce ba ka yarda ba. Ni na fita daga zauren, ba zan iya kallonsa ba.

Taka cikin ɓacin rai,
Rakiatu.

*

Yamai
Ƙarshen watan Shawwal

Yaya Rakiatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafi da ya ƙi sauka. Habsa na gaishe ki, tana gaida Mma. Takardarki ta iso tana warin albasa, har yara suka ɗauka tsaraba ce. Na san kin ce ba wasa, to na bari.

Kin zage ni son ranki, amma ki tsaya ki ji abin da ake ce wa dangwale, don na ga ke da Baffa Boukari duk kun ɗora masa kayan da ba nasa ba. Gyaran waya ce sana'ata, na san abin nan. Turawan da suka ƙirƙiro shi, a wani dandali suna ce masa laik, a wani kuma upvote, wato ƙuri'ar ɗaga abu sama don a gan shi. Ba irin zaɓen akwati ba ne, inda in ka ba wannan ka hana wancan. Kana iya ba abu goma a zama ɗaya ba ka yi wa kowa laifi ba. Ba rantsuwa ba ce, ba sa hannu ba ne. “Ya yi min” kawai yake nufi.

Ni na laƙaba masa suna dangwale, ban musa ba. Lokacin bikin Barakatu ne, da mata suka kusa cinye juna kan atamfar yayi. Na ce a saka hoton kowace atamfa, kowa ya dangwala wa duk wadda ta yi masa, wadda ta fi yatsu ita za a ɗinka. Rigima ta mutu a yini ɗaya. Ke kanki atamfa uku kika dangwala wa, kuma wadda ta ci, ke kika fi kowa juyi da ita a filin rawa. A lokacin ban ji kin ce la'ananne ba ne. Ina zan san Baffa zai ɗauki abin zaɓen zane ya auna gida da shi?

Batun sunana kuwa, ga yadda aka yi. Saƙon ya shigo ina tsakiyar canza wa wani gilashin waya, yana tsaye a kaina. Kin san muryar Baffa, kafin ya gama bismillah da addu'a ga magabata an sha shayi an wanke kofi. Na ji farkonta, na ga bene mai kyau, na danna. Babba ya yi magana, ba na barinsa ba amsa. Mu da ke nesa ba mu da tabarmar da za mu zauna mu ce madalla. Yatsan nan shi ne “na'am Baffa” ɗinmu. Wallahi tallahi ban ji inda ya ambaci Mma ba, sai a takardarki.

Amma ku ma fa, Yaya? Kun je kun yi shiru a inda ba a ganin fuska. Wa ya ga kun sunkuyar da kai a cikin waya? A zauren nan akwai na yarda, babu na ƙi. Wanda ya yi shiru da wanda data ta ƙare masa da wanda ke barci, duk ɗaya ne. Laifin ba nawa ba ne ni kaɗai, kar ki mai da ni jakin kowa.

Ga abin da na yi: na cire nawa. Ana sake dannawa ne ya ɓace, kuma ya ɓace. Zancen in yi murya in ce wa Baffa a'a a gaban dangi kuwa, ki yi min adalci. Mutumin nan shi ya kai ni koyon sana'a, shi ya tsaya min a auren Habsa. Da wane bakin? Ki bari a bi shi a hankali, Baffa ba dutse ba ne.

Kuma in za a bi ta gaskiya, ɗakin nan yana yoyo tun ina nan. A Kwadaso akwai tayil, akwai fanka, bayi a ciki. Wa ya sani ko hutu ne Allah ya kawo mata a ƙarshen rayuwa.

Ƙaninki,
Khalidu.

*

Zongo, Kumasi
Watan Zulƙida

Khalidu,

Salamu alaikum. Lafiya muke. Ina gaida Habsa, ita ba ta yi min komai ba.

Hutu! Ei, Khalidu, hutu ka ce? Na karanta layin nan na ajiye takardar, na je na wanke tukwane kaf don kar in yaga ta. Ashe kai ma ra'ayinka ke nan, duk dogon bayanin nan kewaye ne. Kwano ɗaya ne ya huje a rufin ɗakin, muna tara roba. A garinku ana maganin yoyo da rushe gida ne? Makauniya za ta ci tayil? Santsinsa ne ma zai karya mata ƙugu.

Ka ba ni karatu kan abin da Turawa ke nufi, na gode, malam. Su can nasu. A gidan nan abin da yatsanka ya yi shi ne ma'anarsa, kuma abin da ya yi shi ne ya kawo magini ƙofar Mma. Na kira Shakiru a Jamus na tambaye shi don me ya dangwala. Ya ce shi ma bai saurara ba, ya ga sunanka ne, ya ce tunda Khalidu mai waya ya sa hannu ai an duba. Hikima ta Amurka ta ce ta ga sunan Shakiru. Haka kuka bi juna kamar tumaki a bakin titi.

Ka ce ka cire. Na ɗauki zancen da zafinsa na kai wa Kawu, na ce Khalidu ya janye. Ya sa tabarau ya duba, ya ce shi bai ga abin da ya ragu ba. Ka shigo da ganga ka fita da sanɗa, wa ya ji fitarka? Ka zage mu kan shiru, kai ma ka je ka yi irin namu.

Ka ce mu na gida mu buɗe baki. To na buɗe. Na durƙusa har ƙasa na ce, “Kawu, ka yi haƙuri, mu da ke cikin gidan ba mu yarda ba.” Ka san abin da ya ce? A gaban masu sayen abinci, kowa da kwanonsa a hannu, ya ce, “Rakiatu, ke ɗiyar mace ce. Gidan ubanki yana unguwar Aboabo. Zumunci ne ya sa ake barinki kina hura wuta a nan.” Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni da nake wanke wa Mma kaya, nake yanke mata farce, ni ce baƙuwa. Kai da rabonka da gidan tun bikin Barakatu, kai ne ɗan gida, don ubanka namiji ne. Shi ya sa nake bin ka, ba don ka fi kowa hankali ba. Bakinka yana da nauyin da nawa ba shi da shi, kana zaune a kansa.

Mun so mu ɓoye wa Mma, amma wanda aka tsallake wa ƙafa da igiyar awo ba ya bukatar labari. Ran nan bayan la'asar ta kira ni ta ce, “Wai me ake cewa an dangwala?” Na yi mata bayani iya iyawata. Ta ce ita dangwalen da ta sani na ranar zaɓe ne, ka bi layi rana ta dake ka, a tsoma maka yatsa a tawada, ka yi kwanaki kowa na ganin ka yi. Ta ce, “Nasu na waya yana barin tabo?” Na ce a'a. Ta ce, “To shi ya sa.”

Sai ta ce in karanto mata sunayen. Na ari wayar Sahadatu, matar Rafiu ta ɗakin kusa da famfo, na fara. Duk wanda na kira sai ta faɗi abinsa. Shakiru da cibiya a wuya ya zo. Hikima ba ta barci sai an jijjiga ta a kan gwiwa. Da na gama ta ce, “Khalidu fa?” Na ce ka cire naka. Ta ce, “Amma ya sa.” Na ce ka sa, kai ne ma na farko. Sai ta yi dariya har da tafa cinya. Ta ce, “Wannan ai tun yana goye babban yatsan nan ne matsalarsa. Har ya shiga makarantar allo yana tsotso. Sai da na jiƙa ɓawon maɗaci na riƙa shafa masa kafin ya bari.” Ta yi ta dariya, mu ma muka taya ta. Ranar ba ta ci tuwo ba, washegari ma koko kawai ta kurɓa.

Ka ce Baffa ya kai ka koyon sana'a. Allah ya saka masa. Kafin ka isa koyon sana'ar, wa ya tauna abinci ya sa maka a baki?

Ba yatsa nake nema ba, ba cire yatsa nake nema ba. Baki nake nema. Sallah ta matso, kuma Kawu ya ce da an gama cin nama za a fara.

Rakiatu.

*

Zongo, Kumasi
Bayan Babbar Sallah

Khalidu,

Salamu alaikum. Barka da Sallah, in ana yi wa kurame barka.

Alidu ya zo ya sauke albasa ya koma, ya sake zuwa, hannunsa wayam. Na tambaye shi ko ka mutu, ya ce ya gan ka a shago kana dariya da wani. Ya rantse ya ba ka takardata a hannu.

An kawo yashi da tsakuwa an jibge a ƙofar Mma, daidai inda take shimfiɗa tabarma. Jiya ta fito za ta famfo, hannunta a bango kamar kullum, ta yi karo da tulin ta faɗi. Gwiwa ce kawai ta ɗaye, alhamdulillahi. Masu hayar ɗakin farko sun kwashe kayansu. Magini ya ce saura nata.

Ban san ka matsoraci ba ne sai bana. Ka ci namanka lafiya.

Rakiatu.

*

Yamai
Ranar Juma'a, bayan sallah

Yaya Rakiatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Yaya gwiwar Mma? Na kira ki ya fi a ƙirga, kin ƙi ɗauka, dole na koma wa takardar da kike so.

Duka biyun sun same ni. Ban amsa ba don ba ni da abin faɗa, ba don ina dariya a shago ba. Ki gaya wa Alidu ya riƙa tuƙinsa ya bar kai rahoto. Kin ce min matsoraci, ya yi min ciwo, har yanzu yana yi. Ke kina ganin abu ne mai sauƙi. Kin san sau nawa na ɗauki muryar nan na goge? In fara, “Baffa, ina neman afuwa,” sai harshena ya ƙi gaba. Tunda aka haife ni ban taɓa jin wani a gidanmu ya ce wa babba a'a da baki ba, ke ma ba ki taɓa ji ba sai da kika yi, kuma kin ga abin da ya biyo baya. Zancen hutu kuwa ki bar maimaita shi, ba ra'ayina ba ne, neman abin da zan lallashi kaina da shi nake yi.

Labarin maɗacin nan ne ya hana ni sakat. Har yau in na tuna ina jin ɗacinsa a harshe.

To na yi. Yau da na dawo daga masallaci na rufe shago, na saka murya a zauren. Na ce, “Baffa, ni Khalidu ɗan ƙaninka ne. Na dangwala wa hoton bene ban saurari maganarka har ƙarshe ba, wannan kuskurena ne. Ban yarda a tada Mma Humu daga ɗakinta ba. A yi ginin a bar mata nata, ko a jira. Ka yafe min.” Na tura.

Yaya, ki zo ki ga ikon Allah! Kafin in buɗe shago yatsu sun fara zuba. Shakiru, Hikima, na Legas, na Akra, har su Sahadatu na cikin gida da ba su taɓa hoton ba. Yanzu da nake rubutun nan sun fi na benen yawa, nesa ba kusa ba. Kin ga abin da kike zagi? Shi ne zai ceci ɗakin. Baffa da kansa ya kafa dokar cewa abin da ya fi yatsu shi dangi suka zaɓa, ba zai iya tsallake ta ba. Ki ari waya ki je ki nuna masa, ki ce ya ƙirga.

Ki shafa min gwiwar Mma, ki ce mata na bar tsotso.

Ƙaninki,
Khalidu.

*

Zongo, Kumasi
Watan Muharram

Khalidu,

Salamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Takardarka ta iso jiya. Ta makara, amma ba laifin Alidu ba ne.

Ban jira ta ba. Ranar Juma'ar nan da kanta Sahadatu ta rugo da waya tana cewa in zo in ji. Na ji muryarka, na ce Allah ya yi maka albarka, kuma har yanzu ban janye ba. Ko mayafi ban gyara ba na fita neman Kawu. Na same shi a bencin ƙofar gida shi da magini suna cin gyaɗa. Na ce, “Kawu, ka ce abin da ya fi yatsu shi ne maganar dangi. Ga shi, ka ƙirga.”

Bai ko karɓi wayar ba, tasa ya zaro. Ya buɗe sunayen da ke ƙarƙashin muryarka, ya buɗe na ƙarƙashin bene, ya ce in duba da kyau. Khalidu, mutanen nan ɗaya ne. Shakiru yana nan yana can. Hikima tana nan tana can. Babu wanda ya cire na farko, sun dai ƙara na biyu. Kawu ya ce, “Kin gani? Wannan gaisuwa ce. Yaro ya yi magana da ladabi, 'yan'uwansa sun ce masa sannu.” Na ce, “To na benen fa, ba gaisuwa ba ne?” Ya ce, “Wancan shawara ce, ni na kira ta.” Sai ya ɗaga babban yatsansa, ina tsaye ina kallo, ya danna a kan muryarka. Ya ce, “Ga shi ni ma na dangwala masa. Yaron kirki ne.” Magini ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi.

Na koma ciki na ce wa su Sahadatu da Rafiu su yi murya su ma, yanzu-yanzu, kowa ya faɗa da bakinsa. Suka ce ai sun dangwala maka, me kuma ya rage? Na kira Shakiru, ya ce yana wurin aiki, amma yana bayanka ɗari bisa ɗari. Duk dangin nan, baki ɗaya tak ya buɗe, saura duk suka laɓe a bayan yatsa. Ni kuma da ke da bakin, na fita daga zauren da fushina, ba ni da inda zan sa shi. Wannan ma yana cina.

Da safiyar Asabar suka cire kwanon rufin ɗakin. Mma ta ce kar kowa ya ɗauke ta, da ƙafarta za ta fita. Ta bi bango da hannu har bakin lungu, mata suka fito suka tsaya. Kayanta duka a bayan motar Kawu suka shiga, har da sauran wuri. Kafin azahar ɗakin ya zama fili, ana ganin mangwaro daga titi.

Kullum in na sauke tukunya ina hawa trotro, motar hayar nan, in kai mata abinci. Ɗakin yana da tayil, yana da fanka, kamar yadda ka faɗa. Iyalin Kawu ba sa wulaƙanta ta, ba zan yi musu ƙarya ba, amma kowa na fita aiki da makaranta a kulle get. Har yanzu in ta tashi sai ta ɗora hannu a bango ta bi shi tana neman famfo.

Na kunna mata muryarka. Ta ce in sake, na sake. Ta ce, “Muryar ubansa ce sak.” Sannan ta sa na kwance bakin zanenta na ciro ƙullin da za ka gani a cikin takardar nan. Ɓawon maɗaci ne, ta aiki ɗaya daga cikin yaran gidan ya sayo mata a kasuwa. Ta ce ba naka ba ne, kai ka yayu ko da a makare. Ta ce tunda kai ka san inda kowa yake, ka raba musu, a jiƙa a shafa safe da yamma.

Ni dai ban huce ba, kar ka ɗauka na huce. Ka buɗe baki, na gode, amma da ka buɗe kunne tun farko da ba a kai nan ba.

Jiya da na je na tarar ta lallaɓa har bakin get, ta shimfiɗa ɗankwalinta a kan siminti ta zauna, ta juya kunne wajen titi. Ban san tun yaushe take wurin ba. Da ta ji takuna ta ɗago, ta ce, “Rakiatu, ke ce? Wai unguwar nan ba a sallama ne?”

Rakiatu.